Kula mai lita 50 a bakin dam: abin da take yi wa kifi a bazara

Kular da zan yi sharhi a kanta irin ta roba ce mai bango biyu da soso mai tauri a tsakaninsu, mai cin lita 50. Tana da maƙalai biyu a gaban murfi, hannu biyu a gefe, da 'yar ƙofar zubar da ruwa a ƙasa. Irinta ce ake gani a shagunan kayan roba a Babbar Kasuwar Katsina, kuma yawanci masu zoɓo da kunun aya ne ke sayenta. Na yi aiki da ita a bazarar da ta wuce wajen ɗauko kifi daga dam ɗin Ajiwa da na Zobe zuwa cikin gari. A ganina ta ci kuɗinta, amma ga wanda yake da tabbacin samun ƙanƙara kullum. Wanda ba shi da wannan, gara ya bar kuɗinsa a aljihu, domin kifin da aka rufe a kula babu ƙanƙara ya fi na cikin buɗaɗɗen daro saurin lalacewa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Katsina yakan haura digiri 40. A lokacin ruwan dam ya ja baya, kifi ya taru a wurare masu zurfi, ga kamu yana kyau, musamman da asuba da kuma dab da magariba lokacin da kifi ke fitowa kiwo. Amma zafin nan shi ke cinye riba. Karfasar da aka cire daga kalli, wato ragar kamun kifi, da hantsi, in aka bar ta a ƙasan kwale-kwale, kafin la'asar idonta ya dushe, cikinta ya saki, ƙarninta ya koma wari. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da kifi suna cikin hanjinsa, da yauƙin jikinsa, da jan abin numfashin nan na cikin kunnensa tun yana raye. Da ya mutu sai su shiga tsoka, kuma ɗumi ke ba su ƙarfi. In an saukar da kifin ƙasa da digiri 4 aka riƙe shi a nan, aikinsu yana ja baya sosai.

Lita 50 da aka rubuta a jikinta kada ta ruɗi mai saye. A irin zafinmu kilo ɗaya na kifi yana buƙatar kilo ɗaya na ƙanƙara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar yana narkewa ne wajen zuƙe ɗumin jikin kifin kansa, sauran kuma shi zai yi faɗa da zafin hanya. Saboda haka abin da kular ke ɗauka da gaske kilo 15 zuwa 17 ne na kifi da ƙanƙara kwatankwacin haka. In da ruwan leda daskararre za a yi, kowace leda rabin kilo ce, ke nan ana buƙatar leda 30 ko fiye. Ledar tana da tsabta kuma tana da sauƙin samu, sai dai ba ta kwanciya a jikin kifi sosai, tana barin gurabe. Abin da ya fi shi ne a sayi bulon ƙanƙara, a sa shi a buhu mai tsabta, a farfasa da taɓarya zuwa girman goro. A tambayi mai ƙanƙara da wane ruwa ya yi ta, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. In ruwan bai shawu ba, bai kamata ya taɓa kifin da za a ci ba.

Yadda ake jerawa shi ne rabin aikin. A shimfiɗa ƙanƙara kamar kaurin yatsa uku a ƙasa, a jera kifi layi ɗaya ba tare da ya taɓa bangon kula ba, a rufe shi da ƙanƙara, a sake wani layin, a gama da ƙanƙara mai kauri a sama. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kada nauyi ya fasa musu ciki. Da aka jera haka da asuba, aka ajiye kular a inuwa da jiƙaƙƙen buhun algarara a kanta, na tarar da wajen rabin ƙanƙarar tana nan da la'asar, kifin kuwa da tauri, in an danna da yatsa tsokar ta dawo, ido garau, cikin kunne ja wur. Wannan ya wadatar ga tafiyar Dutsin-ma zuwa Katsina, ko daga Daberam da Sabke zuwa kasuwar Daura. Amma ba ta kwana. Duk wanda zai kai kifi washegari sai ya zubar da ruwa ya ƙara ƙanƙara da dare. In kuwa aka ɗaure ta a bayan babur rana na dukanta kai tsaye, ana buɗewa kowane ɗan lokaci don a nuna wa mai ciniki, kafin azahar ƙanƙarar ta zama ruwa.

Maganar feɗewa sai a duba kasuwa. Dillalai da masu suya da yawa sun fi son kifi da cikinsa, don haka wanda za a sayar a ranar a sa shi a ƙanƙara ɗungurungum. Wanda zai kwana ko na cin gida, a farke shi daga dubura zuwa ƙasan kai, a cire hanji a hankali kada matsarmama ta fashe ta ɗaɗɗaci naman, a cire jan cikin kunne, a kankare baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya, a cusa ƙanƙara a cikin, a kifa shi ciki na kallon ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Kada a wanke shi da ruwan bakin gaɓa, inda shanu ke sha ake kuma wanki. A zo da jarka ta ruwan famfo ko na rijiya. A wannan ruwan gaɓar mara zurfi ne kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke zama. Ta fata take shiga, ba ta cin kifi ba, don haka tsayuwa cikinsa ana gyaran kifi haɗari ne ga mai gyaran. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, akwai maganinta.

Yanzu ga inda kular ta gaza. Na farko ƙofar zubar da ruwa. Murfinta roba ce mai laushi da zare mara zurfi, ba a daɗe ba ta fara ɗiga, ruwan kifi kuwa in ya zuba a but ɗin mota ƙarninsa ba ya fita da sauƙi. Naɗa mata farin zaren roba na masu gyaran famfo ya tsayar da ɗigar. Ramin kuma ɗan ƙarami ne, ɓawon karfasa da yauƙi suna toshe shi, sai an riƙa zura tsinke. Bai kamata a ƙyale shi a toshe ba, domin kifin da ya kwanta cikin narkakken ruwa mai jini yana yin laushi, launinsa ya koɗe, kuma datti daga guda ɗaya ya game sauran. Na biyu hannaye. Cike da kaya kular tana kai kilo 35 zuwa 40, hannayen kuwa a kan 'yan ƙusoshin roba suke. Mutum biyu su ɗauke ta, kowa ya tallabi ƙasa da hannu ɗaya. Na uku, murfin ba shi da robar da ke like baki, iska mai zafi tana shiga ta gefe. Yankan tsohon tif na babur da aka manna a kewayen bakin ya rage wannan sosai.

Abin da mai shago ba zai faɗa ba shi ne abin da ƙaya ke yi mata. Kurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, kuma yana kafe su da zarar an taɓa shi. Tarwaɗa tana da biyu a gefe. Suna karce bangon ciki, datti ya maƙale a karcen inda soson wanki ba ya kaiwa, in kuma suka huda robar ruwan kifi ya shiga soson tsakiya, to warin ya zauna ke nan har abada. A karya ƙayoyin da filaya kafin a sa kifin. Wajen riƙewa, a zo ta bayan kai, a kwantar da ƙayar baya da tafin hannu, babban yatsa da manuni su zauna bayan ƙayoyin gefe. In ta soki mutum, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa na wajen rabin awa, zogin zai sauka. A duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki. In wurin ya kumbura, ya yi ja yana yaɗuwa, ko an daɗe ba a yi allurar tetanus ba, a nufi asibiti, kada a tsaya shafa toka ko baƙin mai.

Ita tarwaɗa ma ba sai ta shiga kula ba. Tana shaƙar iska, tana iya yin awanni a raye a cikin daro da ɗan ruwa da jiƙaƙƙen buhu a kai, kuma mai rai ta fi kuɗi. A bar wa karfasa da ragon ruwa gurbin, su ne ba sa jira.

A cikin kwale-kwale a ajiye kular a tsakiya, a ƙasa, a ɗaure. Ƙarshen bazara hadari kan taso da iska ba sallama, kaya mai kilo 40 da ya zame gefe guda ya isa ya kifar da ƙaramin jirgi. Kada kuma wani ya ɗauke ta a madadin rigar kariya ta ruwa don ya ga tana yawo a saman ruwa. Da murfin ya buɗe ta cika.

Wankinta kullum ne, ba sai ta yi wari ba: omo da soso mai laushi, a ɗauraye, sannan a zuba cokalin cin abinci ɗaya na bilic a lita 4 na ruwa a shafe ko'ina har cikin ƙofar zubar da ruwa, a bar shi 'yan mintuna, a zubar, a kifa ta a buɗe ta bushe a inuwa. Soson ƙarfe yana ƙara mata karce. Kular da ta ɗauki ɗanyen kifi kada ta koma ɗaukar zoɓo ko ruwan sha. Mai shirin saye ya zuba mata ruwa a shagon ya ga ko ƙofar ƙasa na ɗiga, ya danna murfin ya ji ko akwai soso a cikinsa ko fanko ne, kuma in akwai farar kula da mai duhun launi a farashi ɗaya, ya ɗauki farar, ta fi ƙin zafin rana.