Daga rim mai waya zuwa na ƙarfe: abin da mai MGB ko Triumph zai duba kafin ya zaro kuɗi

Rim mai waya, wanda aka saƙa da siraran ƙarafa kamar na keke, shi ne adon tsofaffin motocin Ingila masu kujera biyu. Kyau kam ba a magana. Sai dai wanda ya riƙe irin motar nan yana hawa kullum ya san wahalarsa: wayoyi 60 a kowace ƙafa ta MGB, kowacce tana iya saki ko ta tsinke, wanki sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sai da tiyub a cikin taya, kuma ba kowane mai gyaran taya ne yake da abin da zai ɗora su a kan injin daidaita nauyi ba.

Babbar matsalar ma ba a wayoyin take ba, tana tsakiya. Ba a ɗaure wannan rim da notuka huɗu. Ana zura shi ne a kan hob, wato ƙarfen tsakiya da ƙafa ke zama a kansa, mai ƙananan haƙora, sai a matse da ƙaton noti guda ɗaya da ake bugawa da guduma. Idan haƙoran suka cinye, za ka ji ƙwas duk sanda ka tashi mota ko ka taka birki. Haƙori mai lafiya kansa a ɗan shafe yake. Idan ya yi tsini ko ya kwanta gefe guda, ya gama aiki. A nan ne mutane da yawa ke cewa a kai kasuwa, su koma rim na ƙarfe.

To, kafin ka sayi komai, ka cire ƙafa ɗaya ka ga abin da ke bayanta. Shi zai gaya maka ko aikin yini guda ne ko na mako.

Mai Triumph ya huta. A TR4 zuwa TR6, da Spitfire, kamfanin bai ƙera hob na daban don rim mai waya ba. Wani ƙarfe mai haƙora ne aka ɗaura a kan hob na yau da kullum da notuka huɗu. Ka kwance shi, hob ɗinka na nan. Abin lura ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: kusoshin da ke riƙe da wannan ƙarfe gajeru ne, an yi su haka don kada su taɓa bayan rim mai waya. Rim na ƙarfe yana son dogaye. Wanda ya ɗaura shi a kan gajerun, noti zai kama zare kaɗan ne kawai, wannan kuwa wasa da rai ne. Ka sayi kusoshi 16 na tsayin da ya dace tare da notukansu, shi ke nan. Ka dai tuna TR inci 15 ne rim ɗinsa, Spitfire kuma 13, ramukansu ma ba su yi daidai ba.

MGB ce mai dogon labari, ita ce kuma ta fi yawa a hannun mutane, don an ƙera fiye da rabin miliyan a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Gaba ba wuya: a sauya hob biyu, a sa sabon boris da giris, a daidaita shi da siraran wosha yadda littafin motar ya ce. Baya ne ake kuskure. Aksil, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya biyu, na motar da ta fito da rim mai waya ya fi na mai rim ɗin ƙarfe gajarta da wajen inci ɗaya da rabi, saboda shi rim mai waya yana zama ne can waje a kan hob ɗinsa.

Aksil ɗin kuma iri biyu ne. Na farkon, wanda ake kira banjo, yana kan buɗaɗɗun motocin da aka yi har zuwa wajen 1967. A wannan, sandunan ciki tsayinsu ya bambanta, saboda haka babu zancen sauya hob kaɗai. Sai dai aksil sukutum. Na biyun, Salisbury, ya fara da GT, wato MGB mai rufi, a 1965 sannan ya game sauran. A nan hob yana fita shi kaɗai idan ka kwance babban notin tsakiya, shi ya sa masu sayar da kaya ke ce maka hob biyu sun isa. Za su shiga, gaskiya ne. Amma kowace ƙafa za ta koma ciki da kashi uku cikin huɗu na inci, motar ta yi kamar an tsuke mata baya, kuma idan tayarka mai faɗi ce tana iya gogar bangon ciki a kwana. Wasu suna cike gurbin da faifan ƙarfe da dogayen kusoshi. Yana aiki, amma a ganina dabarar wanda kuɗi suka yanke wa ce.

Ni dai da za a tambaye ni, a nemi cikakken aksil na motar da ta fito da rim ɗin ƙarfe. A Ingila da Amurka na hannu ba ya wuyar samu, don yawancin masu sauyi kishiyar hanyarka suke bi, daga ƙarfe zuwa waya. Idan ka dace da irin wannan mutum a ƙungiyar masu MG, musaya kawai za ku yi, kowa ya tafi da abin da yake so. Ka tabbatar giyar cikinsa 3.9 ce, kada a ba ka na V8 ko na MGC, 'yan'uwanta masu manyan injina, ka juya shi da hannu ka ji ko yana da lasko, ka kuma karɓo wayar hambirki tare da shi domin tsayinta yana bin faɗin aksil. Har abin da ke riƙe safaya taya a but ba iri ɗaya ba ne, ƙaramin abu ne amma kusan kowa sai ya manta da shi.

Rim ɗin kansa kuma zaɓi biyu ne, duka inci 14. Akwai shafaffe da ke da murfi mai ruwan azurfa a tsakiya, wanda ya dace da motocin shekarun 1960. Akwai Rostyle na kamfanin Rubery Owen, mai baƙi da ruwan azurfa, wanda MGB ta fara sawa a ƙarshen 1969, faɗinsa inci 5. Rostyle ya fi samuwa, ya fi araha, amma na hannu da yawa sun lanƙwashe ko tsatsa ta ci inda aka haɗa su, wasu kuma ramin notin ya buɗe. A juya maka kowanne a kan inji kafin ka biya. Kada kuma ka ga Rostyle na Midget, ƙaramar motar MG, ka ɗauka zai hau: inci 13 ne, tazarar ramukansa inci 4, na MGB kuwa 4.5.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar taɓa aksil ko kaɗan, wato rim na alminiyam samfurin Minilite mai hawa kan hob mai haƙora. Babu waya, babu tiyub. Amma tsada gare shi, kuma bai raba ka da haƙoran ba. Idan hob ɗinka ya cinye, zai cinye sabon rim ɗin ma, sai ka haɗa da sabbin hob huɗu. Wannan lissafin shi ne kuma na wanda ya ce zai sabunta rim mai wayar ne kawai, daga kamfanoni irin su MWS a Ingila ko Dayton a Amurka.

Idan darajar motar wajen sayarwa ta dame ka, gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana ba da takardar da ke nuna yadda ta fito daga masana'anta. In ta nuna da waya ta zo, ka shafa wa tsohon aksil da hob giris ka ajiye su inda ruwa ba ya taɓawa, ka rubuta wanne ne na dama wanne ne na hagu, domin zaren notinsu kishiyar juna ne.