Sabis ɗin 1.1.1.1 na Cloudflare: maganin shafin da ke buɗewa yana ƙi

Idan WhatsApp na aiki lafiya a kwamfutar gida amma Chrome sai ya buɗe shafi yanzu, anjima ya ƙi, galibi laifin DNS ne, wato sabar da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Sau da yawa wadda rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ke karɓowa daga kamfanin layi ce ke jinkirin amsawa.

Kamfanin Cloudflare ya fito da nasa sabis ɗin DNS, 1.1.1.1, a Afrilun 2018, kyauta ne, kuma yana da sauri ƙwarai. Kafin ka sauya, gwada: a Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta ping 1.1.1.1 don ganin ko layinka na isa can. In amsa na zuwa amma nslookup google.com, umarnin da ke tambayar DNS adireshin shafi, ya gaza, ka kama ɓarawon. Shiga saitin IPv4 na katin intanet, sa 1.1.1.1 a gurbin DNS na farko, 1.0.0.1 a na biyu, sannan a Command Prompt rubuta ipconfig /flushdns don share tsofaffin amsoshi. Gidan da ke da yara, 1.1.1.3 ya fi dacewa, domin yana toshe shafukan batsa.

Inda yake da rauni: wasu tsofaffin rauta suna riƙe lambar 1.1.1.1 don amfanin kansu, sai komai ya tsaya cak. Nan sai a koma 8.8.8.8 na Google. In sigina ce ke yankewa kuwa, ping ɗin ma zai gaza, sauya DNS ba zai gyara ba.