Yaya, Ga Labarin Injin Barcin da Ka Ce In Aiko Maka

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Saƙonka ya iso, har da muryar da Anti ta ɗauka kana barci. Da farko dariya na yi, daga baya jikina ya yi sanyi, don ba minsharin ne ya dame ni ba, shirun da ke tsakani ne. Na sa agogo na duba, akwai inda ka yi kusan daƙiƙa 20 babu numfashi, sannan ka fizgo shi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Haka nake kafin a ɗora ni a kan injin nan. Ka ce in sayo maka irin nawa in ba mai zuwa. Ba sayen ne da wuya ba. Amma bari in ba ka labarin yadda muka kwashe da shi, da yadda na ga ana yi a nan Ingila da Amurka da Faransa, sai mu san abin yi.

Injin da suke kira CPAP ba iskar asibiti yake bayarwa ba, wato wadda ake sa wa mara lafiya daga tukunya. Fanka ce ƙarama a cikin akwati, tana jan iskar ɗaki ta tura ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke fuskarka. Idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki ya rufe hanya, ita kuma iskar sai ta tokare shi. Wani likita a Sidni ta Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar, ya buga sakamakonsa a 1981. Tun daga nan injin ke ta ƙanƙancewa yana rage ƙara, amma aikin dai shi ne.

Ba a ba ni shi haka kawai ba. An haɗo ni da kayan awo na kwana da su a gida: wani abu a ɗan yatsa, ɗamara a ƙirji, siririyar roba a hanci. Suna ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Nawa ya haura 30. Ƙarfin iskar kuma akan saita shi ne tsakanin 4 da 20, kowa da nasa. Ka ga ke nan in na aiko maka da saitina, kamar na ba ka tabarau na ne na ce ka yi karatu.

Makon farko kuwa na sha wuya. Takunkumin da aka ba ni mai rufe hanci da baki ne. Sai na kwanta lafiya lau, da na juya sai iska ta sami kafa ta gefen hanci, ta riƙa hura min ido tana wani fito kamar tayar da ƙusa ta huda. Ni a tunanina maganin yoyo ɗaurewa ne, sai na ƙara tamke maɗaurin. Kwana huɗu karan hancina ya yi ja, ya saɓule. A wurin aiki wani ya tambaye ni ko faɗuwa na yi. Dare biyu na farka da asuba na tarar da takunkumin a ƙasa yana ta hura kafet, ban ma san lokacin da na cire shi ba. Rana ta bakwai na naɗe mesar na mayar jaka, na ce gara minsharin.

Maiɗakina ce ta matsa na kira lambar da aka ba ni. Nas ɗin ba ta tambaye ni komai ba sai ranar haihuwa, ta ce in dakata. Ashe injin yana da layin waya a cikinsa, kullum safiya yana aika rahoto. Ta karanto min darena kamar tana ɗakin: ƙarfe nawa na sa, ƙarfe nawa na cire, yawan iskar da ta zube. Ta ce in zo da takunkumin. Da na je sai ta kwantar da ni a gado, ta kunna iska, sannan ta daidaita. Ta ce kuskurena biyu: ina ɗaurawa a zaune, alhali fuska takan sauya idan an kwanta, kuma ina matse robar har ba ta iya kumbura. Ashe robar leɓe biyu gare ta, iskar ce ke cika na wajen ya manne da fata. In ka matse ka kashe ta. Ta kalli gemuna ta yi murmushi, ta ce ba za ta ce in aske ba, amma roba ba ta kama gashi. Ta ɗauko wani ɗan ƙarami mai kawuna biyu masu laushi da ke zama a bakin ƙofofin hanci kawai. Da shi nake har yau. Kai da gemunka ya fi nawa, ka riƙe wannan.

Wani abin da na kusa yi, kada ka yi. Akwai ƙananan huji a gaban takunkumin da iska ke fita kullum. Na ɗauka lahani ne, har na nemo salatif zan liƙe. Ta nan ne numfashin da ka fitar ke ficewa. In ka toshe, shi za ka riƙa sake shaƙa.

Da na koma na hanci sai baki ya ɓallo da tasa rigimar. Ina barci ya buɗe, iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki, in farka harshena kamar busasshen ganye. Aka ba ni wani ƙyalle mai riƙe haɓa, aka ƙara zafin tankin ruwan da ke jiƙa iskar. Ya yi daidai har sanyi ya shigo. Wani dare a watan Janairu na ji ƙul-ƙul-ƙul a cikin mesa, kafin in ankara ruwan sanyi ya watso min a hanci. Tururin ne ke haɗuwa da sanyin ɗaki ya koma ruwa. Maganin ba wuya: a sauke injin ƙasa da tsayin gado don ruwan ya gangara baya, a tura mesar cikin bargo, ko a samu mesa mai waya a jiki da ke ɗumama kanta. Akwai kuma kumburin ciki da gyatsar safe, don mutum na haɗiyar iska. Wannan ya tafi da aka mai da injin kan tsarin da yake neman ƙarfin iskar da kansa, ya ƙara in hanya ta fara rufewa, ya sassauta in ta buɗe. Nas ɗin daga ofishinta ta sauya, ni ina gida. Haka ta kunna min wanda ke sa iska ta fara a hankali har barci ya ɗauke ni, da wanda ke rage ta lokacin fitar da numfashi. Ga mai jin kamar an shaƙe shi kuma, shawararsu ita ce ya riƙa sa takunkumin da rana, yana zaune yana kallo ko karatu, rabin awa, har jiki ya daina ɗaukarsa abokin gaba.

To ga bambancin ƙasashen. A nan hukumar lafiya ta NHS aro take ba da injin, ba ka biyan komai, kuma kayan asibiti ne, in ya lalace su sauya. Tun 2008 hukumar NICE, mai tantance magunguna da kayan jinya, ta amince a riƙa ba masu matsakaici da mai tsanani. Abin da kake biya shi ne haƙuri, don daga ganin likitan unguwa zuwa karɓar injin na yi watanni ina bin layi. Zaɓi ma kaɗan ne, abin da ke kabad ɗinsu shi za ka samu, kuma a inda nake zuwa sau ɗaya a shekara ake ba da sabon takunkumi sai in ya yage. Sannan ba sa wasa da tuƙi. Mai matsakaici ko mai tsanani na wannan ciwo da ke gyangyaɗi da rana dole ya sanar da DVLA, masu lasisin tuƙi, ya ajiye mota har sai an shawo kan abin.

Bara na je wurin wani abokina a Amurka, shi ma da nasa injin. Da ya buɗe min durowarsa sai na riƙe baki. Robobi a leda ba a ko ɓare ba, mesa uku, matatan iska tuli. Can tsarin inshora ne. A ƙa'idar Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, wadda kamfanoni da yawa ke kwaikwaya, ana iya sauya takunkumi da mesa duk wata 3, maɗauri da tankin ruwa duk wata 6. Injin kuma haya ne na wata 13 kafin ya zama naka. Sai dai da sharaɗi: a cikin kwana 90 na farko, sai ka nuna kwana 30 a jere da ka sa shi aƙalla awa 4 a kashi 70 cikin ɗari na dararen. In ka gaza, suna iya daina biya. Layin wayar da ni ya zame min mai taimako, shi ya zame masa ɗan sanda. Ya ce akwai daren da ya zauna ido biyu da takunkumi a fuska yana kallon ƙwallo don kawai awa huɗun ta cika. Kullum ana kiransa a waya ko yana son ƙarin kaya, amma wata shida yana fama da yoyo ba wanda ya kwantar da shi ya duba, don likita daban, mai sayar da kaya daban. Ni na yi masa abin da nas ta yi min, a kan kujerar falonsa. Gaskiya a yawan kaya ba a haɗa su da kowa, kowane irin takunkumi akwai, in dai kana da takardar likita da abin biya.

Na Faransa ji na yi daga wani da muke aiki tare wanda ya zauna can. Kamfanin da aka ɗora wa alhakinka ne ke turo ma'aikaci har gida, ya haɗa injin a gefen gadonka, ya riƙa dawowa dubawa. In da zaɓi aka ba ni, wannan zan ɗauka, don matsalar a ɗakin kwana take, ba a asibiti ba.

Injinan kansu kusan iri ɗaya ne ko'ina, kamfanoni ƙalilan ne ke yin su, irin su ResMed da Philips da Fisher & Paykel. A nan ne nake so ka yi hattara da na hannu da ake tallatawa a intanet. A watan Yunin 2021 Philips ya yi kiranyen miliyoyin injinansa saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya ruɓewa ya bi iska, kuma zafi da laima suna ƙara saurin lalacewarsa. Wanda ya sayi tsoho bai duba lambarsa ba yana iya faɗawa kan irinsu. Haka akwatunan da ake cewa suna wanke kayan da iskar ozon, tun 2020 hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta ja kunne a kansu. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi sun isa: roba kullum, don maiƙon fuska ke sa ta santsi, mesa da tanki mako-mako, a shanya a inuwa. Ruwan famfonmu na nan yana barin farin ɓawo a tanki kamar na buta, sai in jiƙa shi da ɗan ruwan khal. Abokina kuwa tataccen ruwa yake saye a galan, don can a kowane kanti akwai.

Ka tambayi batun wuta. Yawancinsu suna karɓar ƙarfin wuta daga volt 100 zuwa 240, don haka nawa ya yi aiki a Amurka, kan soket kawai na sauya. In wuta ta ɗauke kana barci ba shaƙewa za ka yi ba, farkawa za ka yi, kuma mai rufe baki yana da ɗan murfin da ke buɗewa da kansa. Ana iya sa shi a batir, amma ɗumama ruwa da mesa su ke cinye caji, in ka kashe su batir ya fi kai ka safiya. Inda ƙura take da yawa, matatar da ke bayansa ce abin dubawa, da ta yi duhu a sauya. Kada kuma a ɗaga injin da ruwa a tanki, ya koma cikin fanka.

Abin da nake so ka yi, Yaya: ka nemi likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro, a yi maka awon barci, ka ɗauko min hoton takardar. Ka tambaye shi ƙarara ko zai riƙa duba rahoton injin yana gyara saiti, don akwai ɗan kati a jikinsa mai adana komai ko da layin wayar bai kama ba. In ya amsa, zan turo maka takardar awon hanci ka buga ka gwada, in haɗo sabon inji da takunkumi iri biyu, don da wuya na farko ya dace. Wataƙila ma awon ya nuna naka mai sauƙi ne, a ce robar baki mai turo muƙamuƙi gaba ta ishe ka, tare da rage ƙiba.

Kafin nan ka riƙa kwanciya ta gefe, ka bar ƙwayar barcin nan da ka ce kana sha sai likita ya gani, kuma doguwar tafiya ka ba wani tuƙin. A gaida Anti, a ce mata ta ƙara ɗauko min wani daren, amma wannan karon ta bar wayar ta yi kamar minti 10.