Tsohuwar ƙaramar jif a Abuja: Murano, Lexus RX, Highlander ko CR-V?

Magidancin da ke zaune a Kubwa, Lugbe ko Karu, wanda layin gidansu ke komawa taɓo da zarar damina ta kankama, yana da hujjar neman mota mai ɗan tudu, sai dai abin da ke hannun yawancin ma'aikata bai wuce kuɗin tsofaffin ƙananan jif na shekarun 2000 ba. A irin waɗannan motoci ba farashin dillali ake fara dubawa ba, lafiyar giya da sauƙin samun kayan gyara a Apo ko Zuba su ne kan gaba, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuma kuɗin kayan ya bi dala.

Nissan Murano ta 2003 zuwa 2007 ita ce ta fi jan ido, domin tana da kyan jiki da inji mai ƙarfi na lita 3.5, ga kuma araha. Dalilin arahar yana cikin giyarta, wadda ake kira CVT. Wannan giya tana aiki ne da bel na ƙarfe, ba ta jure zafi, kuma tana da nata mai na musamman, NS-2, wanda idan bakanike ya zuba mata man giya na gama-gari a madadinsa, to ya gama da ita. Matsalar ta kai har kamfanin Nissan ya tsawaita garantin giyar a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000, wa'adin da ya daɗe da ƙarewa. Idan ta fara kuka ko karkarwa, ko ta rasa ƙarfi bayan doguwar tafiya, kanikawa ba su cika buɗe ta ba, sai dai a sayo wata tsohuwar giyar da ba wanda ya san tarihinta. Ban ga dalilin da mai albashi zai ɗauko wa kansa wannan ba.

Lexus RX300 ta 1999 zuwa 2003 tana da farin jini, amma ita ma giyarta ta yi ƙaurin suna, kuma injinta na lita 3.0 yana tara daskararren baƙin mai idan an yi sakaci da juye. Mai saye ya sa bakanike ya kwance murfin saman injin, ya haska ciki da tocila. Idan ya ga baƙin datti ya kama kamar kwalta, ya haƙura da motar komai ƙyallin fentinta. RX330 ta 2004 zuwa 2006 ta fi ta kwanciyar hankali, ko da yake fitilu, madubai da kayan lantarkinta sun fi na Toyota tsada.

A ganina Toyota Highlander ta 2004 zuwa 2007 mai silinda shida ita ce ta fi dacewa da mai iyali. Injinta na lita 3.3 shi ne a cikin RX330 da Sienna da wasu Camry, saboda haka kayansa ba sa wahalar samu, kuma da wuya a shiga gareji a Apo a rasa wanda ya san shi. Yana amfani da tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin inji, wanda ya kamata a canza duk mil 90,000, kuma ya fi kyau a haɗa da famfon ruwa a lokaci guda tunda aikin kwancewa ɗaya ne. Aibinta shan fetur, abin da ba a rainawa tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Wanda zai gudu zuwa mai silinda huɗu don tsimi ya sani cewa injin lita 2.4 yana da larurar sakin ƙusoshin kan inji idan ya taɓa tafasa, kuma a RAV4 ta 2006 zuwa 2008 an san shi da shanye baƙin mai.

Honda CR-V ta 2002 zuwa 2006 ta fi su sauƙin fetur, injinta kuma sarƙa gare shi maimakon bel. Rauninta na'urar sanyaya mota ce: idan kwamfiresa ta fashe daga ciki, ɓurɓushin ƙarfe kan bazu cikin bututai, ta yadda canza kwamfiresar kaɗai asarar kuɗi ce, dole a sauya kusan dukkan kayan. Duk wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Abuja ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ko wacce aka zaɓa, a je da bakaniken da mai saye ya yarda da shi, ba na dillali ba, a jona mata kwamfutar bincike, a kuma binciki lambobin shasi 17, domin da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka sun yi hatsari ko ambaliya ta ci su. A tabbatar da takardun kwastan. Sannan kada gwaji ya tsaya a zagayen fili, a bar inji ya ɗauki zafi sosai, a shiga da ita cunkoson Nyanya da hawan Kugbo da na'urar sanyi a kunne, ido na kan allurar zafi. Bayan an tsaya a duba man giya, wanda ya kamata ya kasance ja garau (ban da na Murano, wanda launinsa ba ja ba ne), ba ruwan ƙasa mai ƙaurin ƙuna ba.