Kafin ka biya kuɗin awa: wane maikuroskop ne ya dace da samfurinka?

Na'urar kwanfokal, wani maikuroskop mai aiki da hasken leza, ta fi ƙarfin aljihun ɗakin bincike guda, shi ya sa jami'o'i ke tara irin waɗannan na'urori a wuri ɗaya, kowa ya zo ya kama lokaci. Akwai Africa Microscopy Initiative a Jami'ar Cape Town, a gida kuma akwai cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Sabon ɗalibi yakan ruga wurin na'ura mafi tsada, alhali kaurin samfurinsa ne ya kamata ya fara dubawa, da kuma ko yana da rai.

Idan ƙwayoyin halittarka shimfiɗa ɗaya ce a kan gilashi, an daskarar da su an rina su, maikuroskop mai haska fili gaba ɗaya ya wadatar. Ga sauri, ga arha.

Da zarar nama ya yi kauri, hoton sai ya yi hazo, domin hasken sama da na ƙasa na cakuɗewa. Nan kwanfokal ke shigowa: leza na bin samfurin ɗigo-ɗigo, wata 'yar huda kuma tana tare hasken da bai fito daga inda aka saita ba. Amma tana da nawa, kuma tana kodar da rini. Ka sa mata ƙwaya mai rai, ka ƙara ƙarfin leza, za ka ga ƙwayar ta dunƙule tana fitar da ƙuraje a gefe. Hasken ne ke kashe ta, ba maganin da kake gwadawa ba. Ga masu rai, nemi kwanfokal mai faifai mai juyawa irin na kamfanin Yokogawa, wadda dubban hudojinta ke raba hasken. Lahaninta, a nama mai kauri haske na kutsawa ta hudar maƙwabciya.

Na'ura mai yanka haske falle-falle, wadda ke haska siririn falle ɗaya na samfurin a lokaci guda, ta ɗan tayin kifi ce da makamantansa; tanadi faifan ajiya, gwaji ɗaya na iya cin terabait.

Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa haske ba ya rarrabe abubuwan da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200. Akwai dabarun maikuroskop da ke ƙetare wannan iyaka: SIM na kai wa wajen 100, STED da STORM kuwa ƙasa da haka nesa, sai dai suna neman rini na musamman da haƙuri.

Abin da ya fi ɓata aiki ƙarami ne. Ruwan tabarau mai amfani da mai an ƙera shi ne don murfin gilashi lamba 1.5, mai kaurin milimita 0.17, kwanon roba ba zai yi ba. Tambayi tsayin zangon hasken lezar da cibiyar take da shi, galibi nanomita 405, 488, 561 da 640, kafin ka sayi rini. Rayayyun ƙwayoyin mutum da na dabbobi masu shayarwa na buƙatar akwatin ɗumi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Ka kuma tambaya ko akwai batirin da ke riƙe na'urar idan an ɗauke wuta, da ma'aikacin da zai zauna da kai a gwajin farko.