Ƙarar gwamnati ko ƙarar ma'aikacinta?

Idan jami'i ya rufe maka shago a Garwa, ƙasar Kamaru, ba bisa ƙa'ida ba, hanya biyu ce.

Kuskuren aiki gwamnati ke ɗauka, a kotun harkokin mulki. Amma dokar 2006 kan waɗannan kotuna ta ce sai ka fara rubuta wa hukumar da jami'in ke wa aiki koke, cikin wata 6 in diyya kake nema. Ta yi shiru wata 3, ƙi ke nan, saura kwana 60 ka shigar da ƙara. Sakaci da wa'adin nan ke kashe shari'a. Biya yana jinkiri, don ba a ƙwace dukiyar gwamnati, amma kuɗin na nan.

In muguntar jami'in ce ta ƙashin kansa, kotun gama-gari za ka, muƙami ba ya kare shi. Sai dai da wuya albashinsa ya cika diyyar.