Gargaɗi ga kwamitocin masallatai: a kula da mai "sabunta" amfilifaya

Assalamu alaikum. Kirana ga limamai, ladanai da 'yan kwamitin masallatai da makarantun Islamiyya na Birnin Kebbi, Kalgo, Jega har zuwa Argungu. Akwai wani mutum da ke yawo bisa babur da jakar kayan aiki, yana cewa zai sabunta tsohuwar amfilifaya ta fi sabuwa ƙara. Yanzu da azumi ya matso, kowa na son tafsiri ya kai ƙarshen unguwa, kasuwarsa ta buɗe.

Abin da ke sa a yarda da shi, rabin maganarsa gaskiya ce. Tsohuwar amfilifaya ƙirar Ahuja ko TOA, ko irin Sansui da Pioneer na shekarun 1970 da iyayenmu suka bari a gida, in ta fara gurnani alhali ba kowa a bakin makirfo, galibi manyan kwandensan da ke kusa da taransifoma, wato gwangwanayen da ke tara wuta suna daidaita ta, su ne suka gaji. Ruwan sinadari ne a cikinsu, yana bushewa da shekaru, zafi kuma na gaggauta shi. Lissafin masu ƙera su shi ne duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu. To ku auna wadda ke kulle cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, a watan Afrilu. Canza su gyara ne na gaskiya, ni ma sana'ata ke nan.

Sai dai shi ba ya gyara a gabanku. Ɗauka yake ya tafi da ita.

Wani ladan, dattijo, ya kawo mini tasu tana warin ƙuna. Ya ce, "Ɗana, duba mini, ranar Juma'a ana tsakiyar huɗuba ta yi tsit." Na buɗe. Kwandensa sababbi fil, an rubuta sunan kamfanin Nichicon, 10,000µF (yawan wutar da take iya tarawa), 63V (ƙarfin wutar da take iya jurewa). Da na cire ɗaya sai na ji ta sakayau a hannu, na girgiza, wani abu na motsi a ciki. Na yanka gwangwanin a gaban Baba Ladan: 'yar ƙaramar kwandensa ce mai 2,200µF da 35V aka liƙe da dalma, duk sauran wurin iska ce. Kamfanin ba ruwansa, sunansa aka sata. Mai 35V kuwa in ta zauna inda wuta ta fi ƙarfinta, kumbura za ta yi ta fashe, wani lokaci ta tafi da taransistocin da ke fitar da murya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne taransifoma. Ta asali, mai nauyi, mai naɗin jan ƙarfe, ya kwance ta ya sa wata mai wayar alminiyum, ya ce wai ya ƙara ƙarfin wuta. Kuɗin talakawa ne fa, wanda aka tara naira hamsin-hamsin bayan sallah. Fis ɗin ma ya cire, ya ɗaura siririyar waya a gurbinsa. Da wutar ta kama da dare, da tabarmi da Alƙur'anai aka yi asara.

Don Allah kada amfilifaya ta bar masallaci da wanda ba ku san shagonsa ba. In ya zama dole, a buɗe murfi a ɗauki hoton cikinta da waya tukun, a kuma ce a dawo da duk abin da aka cire. Sabuwar kwandensa a gwada ta a mita a gabanku. Lambar V ɗinta ta yi daidai da ta tsohuwar ko ta fi, kada ta gaza. Wanda ya ce zai ninka µF sau uku don murya ta ƙaru, ku tsayar da shi: murya ba za ta ninku ba, diyod (masu gyara wutar kafin ta shiga kwandensa) da fis ne za su sha wahala duk lokacin da aka kunna.

Waɗanda tasu ta riga ta bi ta hannunsa, ku zare ta daga wuta yau, kuma kada yaro ya sa yatsa ciki, don manyan kwandensa na riƙe wuta ko bayan an kashe. Ku kai wa mai gyaran da kuka sani ya duba, sannan ku sanar da mai unguwa da masallatan da ke makwabtaka da ku.